Faɗin jaka ko tsawon ɗan tayi: wanne ya fi nuna kwanan ciki daidai?

A sikanin da ake yi ta cikin gaban mace, jakar ciki, wato jakar ruwan da ɗan tayi zai girma a cikinta, ita ce ke fara bayyana, wajen mako na 5. Ana auna tsawonta, faɗinta da zurfinta daga bangon ciki zuwa bangon ciki, a haɗa, a raba uku. Sai a ƙara 30 a kan milimitar, a sami kwanaki: jaka mai milimita 10 ciki ne na kwana 40. Matsalarta, ba ta da tsayayyar siffa. Cikakkiyar mafitsara ko ƙarin mahaifa na iya matse ta. Mafi haɗari, ruwan da kan taru a mahaifa idan ciki ya zauna a wajen mahaifar yana iya kama da jakar.

Da zarar ɗan tayi ya bayyana, wajen mako na 6, a bar jaka. Awon daga ƙoƙon kai zuwa ɗuwawu, wanda ake rubuta CRL a takardar sakamako, ya fi ta nesa ba kusa ba: kuskurensa kwana 5 zuwa 7 ne kawai. Amma sai da hannu mai kyau. A kama ɗan tayin ta gefe, a miƙe yadda yake, a ƙara girman hoton, a auna sau uku. Idan ya lanƙwashe, awon zai gajarce. Idan aka haɗa da wata 'yar jaka da ke kusa da shi, wadda ake kira jakar gwaiduwa, an ƙara wa ciki kwanakin da ba nasa ba.

Idan tsawon ɗan tayi ya wuce milimita 84, wato kusan mako 14, sai a koma ga kewayen kai.