Agogon zafin salansa da na ɗaura wa Land Cruiser ɗina: wata huɗu ke nan

Motata tsohuwar Land Cruiser ce mai injin 1HZ, lita 4.2, silinda shida, dizal take sha. Daga kamfani ba ta da tobo, wato na'urar da hayaƙi ke juyawa tana cusa wa inji ƙarin iska, ni ne da ƙaiƙayin hannu na sa aka ɗaura mata, aka kuma ɗan buɗe mata mai a famfo. Ta yi ƙarfi kam. Sai dai duk wanda ya san injin nan ya ce mini abu ɗaya: mai ya yi yawa, iska ta yi kaɗan, fistin ko kan inji ne zai biya bashin.

Shi ya sa na sayi agogon auna zafin hayaƙi, wanda masu harkar ke kira EGT. A Panteka na samo shi, ɗan China ne, har da sandar aunawa irin ta K da wayarta.

Wajen ɗaurawa muka ɗan ja da bakanikena. Shi so yake ya huda bututun salansa bayan tobo, don ya fi sauƙi. Na ce a'a, a manifol nake so, wato ƙarfen da ke tattara hayaƙi daga inji, kafin tobo, tun da hayaƙin da ya ratsa tobo ya riga ya huce, agogo zai riƙa kwantar maka da hankali alhali inji na dahuwa. Ya ce, "Alhaji, to sai mun kwance manifol ɗin gaba ɗaya, in garin ƙarfe ya faɗa tobo ba ruwana." Gaskiyarsa. Yini guda muka yi a kai.

Ranar da na yarda kuɗina ba su tafi a banza ba, hanyar Jos na ɗauka da kaya, na wuce Saminaka na fara hawa. Ina giya ta biyar, na danne totur, allurar ruwan lagireto tana tsakiya ko motsi ba ta yi. Shi kuwa sabon agogon, kafin in ƙirga goma ya haura 1,300. Ma'aunin Fahrenheit ne, wato ya wuce digiri 700 a namu ma'aunin. Na sauko giya ta huɗu, na sassauta ƙafa, ina kallo ya dawo 1,000. Da agogon ruwa na dogara, sai aikin gama ya gama zan ji labari. Ina dawowa Kaduna na sa aka rage man, baƙin hayaƙin nan da take tula wa masu Keke Napep a Kawo ma ya ragu.

Aibinsa? Wayar gajera ce, kuma ba a yi mata ƙari da wayar rewaya ta gama-gari, lissafin zai karkace. Dole agogon ya zauna inda wayar ta kai. Fitilarsa shuɗiya da dare kamar ta shagon aski. Babu ƙararrawar gargaɗi, don haka na liƙa jan salatif a kan 1,250.

Yanzu in na iso gida Unguwar Rimi, ba na kashe mota sai allura ta sauko ƙasa da 400, don kada man inji ya ƙone a cikin tobo. Uwargida ta ɗauka waya nake amsawa a ɓoye, sai da na kira ta ta ga allurar da idonta.