Blade Runner kala bakwai ne: wanne za ka saya don kallon farko?

Mun shafe kusan awa guda muna musu da wani abokina a kan yadda fim ɗin Blade Runner ya ƙare. Shi ya dage cewa da hasken rana ya ƙare, ga duwatsu ga korayen itatuwa, mota tana tafiya. Ni kuma na ce ban ga wata rana ba, ƙofa ce ta rufe, allo ya yi baƙi, kiɗa ya tashi. Har ya fara rantse-rantse. Sai daga baya muka gano cewa dukanmu gaskiya muke faɗa. Suna ɗaya ne a jikin abin da muka kalla, 'yan wasa ɗaya, amma shi na 1982 aka tura masa a waya, ni kuma na 2007 na kalla a faifai.

Tun daga ranar, duk wanda ya ce mini zai kalli wannan fim karon farko, sai na tsayar da shi na tambaye shi wanne. Kallon farko sau ɗaya ake yin sa, kuma wanda ka fara cin karo da shi shi ne zai zauna maka a kai a matsayin na ainihi.

Ga wanda bai san shi ba: Ridley Scott ne ya ba da umarni, an sake shi a Amurka ranar 25 ga Yuni, 1982, an gina shi a kan littafin Philip K. Dick na 1968, wanda ya rasu a watan Maris na shekarar da fim ɗin ya fito, bai ga kammalallensa ba. Labarin yana faruwa a Los Angeles a Nuwamban 2019, birnin da ruwan sama ba ya ɗaukewa, hayaƙi da fitilun talla sun cika ko'ina. Harrison Ford ne Rick Deckard, tsohon ɗan sanda da aka tilasta wa komawa aiki don ya farauto wasu ƙerarrun mutane, waɗanda fim ɗin ke kira replicant. Kamfanin Tyrell ne ya ƙera su don bauta a wasu duniyoyi, ya yanke musu wa'adin shekara huɗu kacal. Sun gudo duniya suna neman a ƙara musu kwana. Rutger Hauer ne shugabansu, Roy Batty. Fim ɗin bai yi kasuwa ba a lokacin, don mako biyu kafin shi fim ɗin E.T. ya fito ya kwashe jama'a. Kaset ɗin bidiyo da talabijin ne suka raya shi daga baya, har a 1993 ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya sa shi cikin finafinan da ƙasa za ta adana.

Ana ƙirga siga bakwai. Biyu daga ciki ba abin da za ka saya ba ne: wanda aka haska sau ɗaya a San Diego a watan Mayun 1982, da wanda tashar CBS ta tace don talabijin a 1986. Saura biyar, kuma a cikinsu uku ne za ka riƙa gamuwa da su.

Na silima, 1982

Asalin matsalar ke nan. A watan Maris na 1982 an gwada fim ɗin a gaban 'yan kallo a Denver da Dallas, da yawa suka fito suna cewa ba su gane ba. Masu kuɗin fim suka tsorata. Suka sa aka ɗora muryar Deckard a kan hotuna yana bayyana wa mai kallo abin da ke faruwa, sannan aka ƙara ƙarshe mai daɗi, wanda abokina ya gani. Hotunan duwatsun da aka ɗauka daga sama ma ba na fim ɗin ba ne, ragowar abin da Stanley Kubrick ya ɗauka ne don The Shining. Ford bai ɓoye cewa ba ya son wannan murya ba, ko da yake ya musanta jita-jitar da ke cewa da gangan ya karanta ta a gajiye don kada a yi amfani da ita.

Ba zan zagi wannan sigar ba kamar yadda wasu masoya fim ɗin suke yi. Mu da muka saba da finafinan fassara, inda mai fassara ke riƙe hannunka daga farko har ƙarshe, mun san amfanin murya mai jagora. Idan Turancinka bai yi ƙarfi ba, ko ba ka da haƙurin fim mai tafiyar hawainiya, muryar za ta taimaka maka ka san waye waye. Kuma tana ba fim ɗin ɗanɗanon tsofaffin finafinan jami'an bincike na shekarun 1940, abin da wasu ke so ƙwarai. Inda ta yi ɓarna shi ne kusa da ƙarshe, a kan rufin bene cikin ruwan sama, bayan Batty ya faɗi 'yan kalmominsa, waɗanda Hauer da kansa ya taƙaita ya kuma ƙara musu layi ɗaya. Wurin shiru yake buƙata. A sigar 1982, Deckard sai ya shigo yana yi maka bayanin abin da idonka ya riga ya gani, zuciyarka ta riga ta ji. Wannan kaɗai ya isa in hana ka farawa da ita.

Tana da ƙanwa, sigar ƙasashen waje, wadda aka haska a Turai da Asiya a shekarar. Komai ɗaya ne, sai 'yan daƙiƙu na tashin hankali da aka yanke wa Amurkawa. Ita ce ta fi yawo a kaset ɗin bidiyo na da.

Na 1992, mai suna Director's Cut

Sunan yana ruɗar masu saye, don kowa zai ɗauka wannan ne abin da darakta ya so. Yadda abin ya faru shi ne, a 1990 an haska tsohon kwafin gwajin nan a wani gidan silima a Los Angeles, mutane suka ga fim ba murya mai yawan bayani, ba ƙarshe mai daɗi, suka yi ta tururuwa a nune-nunen da suka biyo baya. Kamfanin Warner ya ga kasuwa, ya haɗa sabuwar siga cikin gaggawa bisa bayanan da Scott ya bayar, alhali shi yana can kan wani aikin. An cire muryar, an cire ƙarshen, an saka wani ɗan gajeren mafarki. Mataki ne babba a lokacinsa, kuma shi ne ya canza yadda duniya ke kallon fim ɗin. Amma yau ba ni ganin dalilin da zai sa ka ba da kuɗinka a kansa shi kaɗai. Duk abin da ya yi, na 2007 ya yi shi da kyau fiye da haka. Ka yi hattara musamman da DVD ɗinsa na 1997, hotonsa dishi-dishi ne.

Na 2007, The Final Cut

Wannan nake ba da shawara, ba tare da wata-wata ba. Shi kaɗai ne Scott ya samu cikakken iko a kansa. Minti 117 ne. An wanke hoton daga asalin fim ɗin, an gyara sauti, har kiɗan Vangelis, makaɗin fim ɗin, ya fito yadda ya kamata. An dawo da wuraren tashin hankalin sigar ƙasashen waje, an tsawaita mafarkin.

Abin da ya fi burge ni shi ne irin gyaran da aka yi da kuma irin wanda aka ƙi yi. Ba a cusa sabbin halittun kwamfuta ba, ba a sake gina birnin ba. Kurakurai aka bi ɗaya bayan ɗaya. A wurin da Zhora, ɗaya daga cikin ƙerarrun, ke gudu tana fasa gilasai, a tsofaffin sigogi kana ganin ƙarara cewa wata ce daban sanye da gashin kanti. Sai aka kira Joanna Cassidy, wadda ta fito a matsayin Zhora, bayan shekara 25, aka ɗauki fuskarta aka ɗora. A wurin da Deckard ke magana da mai sayar da macizai, baki da murya ba sa tafiya tare, sai aka ɗauki bakin Ben Ford, ɗan Harrison Ford, aka daidaita. Farar tattabarar da ke tashi a ƙarshe, da cikin shuɗin sama na rana tsaka take shiga alhali dare ne, yanzu cikin duhu take tashi. Akwai masu ƙorafin cewa launin hoton ya karkata zuwa kore-shuɗi fiye da na da, kuma ƙorafin yana da tushe, idan ka jera su biyu za ka gani. Ni bai dame ni ba.

Faifai, intanet, ko turi a waya

Fim ne na duhu. Kusan komai da dare yake faruwa, cikin hayaƙi da ruwa, haske yana ratsowa ta tagogi. Irin wannan hoton shi ne ya fi lalacewa idan aka matse fayil don ya yi ƙarami: baƙin ya koma dabbare-dabbare, fuskoki su narke. Don haka kwafin da masu turi ke sa wa a waya shi ne mafi munin zaɓi a nan, ga shi kuma ba wanda zai iya gaya maka wace siga ce. Idan dole sai a waya, ka kashe fitila, ka sa abin ji a kunne, kada ka kalla da rana a tsakar gida.

Idan ta intanet za ka saya ko ka yi haya, duba sunan da kyau. Inda aka rubuta The Final Cut, shi ne. Inda aka rubuta sunan fim kawai da 1982, yana iya zama kowanne. Tsawon minti ba zai raba maka gardama ba, don tsakanin 116 da 117 duk suke, kuma DVD ɗin Turai yana gudu da ɗan sauri har ya rage kusan minti biyar. Gwajin da ba ya kuskure shi ne wannan: a farkon fitowar Deckard, yana jingine yana karanta jarida kafin ya zauna cin taliya a bakin titi. Idan ka ji muryarsa tana magana bakinsa a rufe, na 1982 ne.

A faifai, Blu-ray na The Final Cut ya wadatar da yawancin mutane. Na 4K da ya fito a 2017 ya fi kyau nesa ba kusa ba, kuma ba shi da kullen yanki, amma sai kana da talabijin da na'urar da suka dace, in ba haka ba asarar kuɗi ce. Mai sayen DVD daga waje ya lura da lambar yanki: Najeriya da Nijar suna yanki na 5, na Amurka 1 ne, na Turai 2, sai dai idan na'urarka mai cin kowane faifai ce. Wanda kuma fim ɗin ya riga ya kama shi, akwai akwatin faifai biyar na 2007 mai ɗauke da sigogi biyar har da kwafin gwaji, da shirin Dangerous Days na kusan awa uku da rabi a kan yadda aka yi fim ɗin. Wannan sayayya ce ta biyu. Kada ka fara da ita.

Abu ɗaya kuma: ba fim ɗin kallo da yara ko a gaban iyaye ba ne. Akwai zubar da jini, akwai ɗan tsiraici, akwai kuma wani wuri tsakanin Deckard da Rachael, wata ma'aikaciyar kamfanin Tyrell, da ya yi mata fin ƙarfi, wanda ni har yau ba ya yi mini daɗin kallo a kowace siga.

Daga nan zan fasa ƙwai, wanda bai kalla ba ya dakata

Dalilin da ya sa zaɓin siga ya wuce maganar kyawun hoto shi ne tsohuwar gardamar masoya fim ɗin: shin Deckard kansa mutum ne ko ƙerarre? A sigar 1992 da ta 2007, yana zaune gaban fiyano sai ya ga doki mai ƙaho ɗaya yana gudu a daji. Bai gaya wa kowa ba. A ƙarshe kuma ya tsinci ɗan doki mai ƙaho na takarda mai ƙyalli da Gaff, wani ɗan sanda abokin aikinsa, ya naɗa ya ajiye masa a ƙofa. Ta yaya Gaff ya san mafarkinsa? Kamar yadda shi Deckard ya san tunanin yarinta da aka dasa wa Rachael, wadda ƙerarriya ce, in ji masu wannan ra'ayi. A sigar 1982 babu mafarkin, don haka dokin takarda yana nufin Gaff ya zo, ya ga Rachael, ya ƙyale ta. Daƙiƙu kaɗan ne suka raba ma'anonin biyu.

Akwai ma wata hujjar da aka daɗe ana jayayya a kanta wadda kuskure ne ya haife ta. A tsofaffin sigogi, shugaban 'yan sanda Bryant ya ce shida ne suka gudo, ɗaya ya mutu, amma huɗu kawai ake farauta. Ina na shidan? Wasu suka ce Deckard ne. Alhali wata ce mai suna Mary da aka cire daga labarin ba a ɗauki wasanta ba. A 2007 aka gyara maganar ta koma biyu ne suka mutu.

Scott ya faɗa a fili cewa Deckard ƙerarre ne. A da, Ford ya daɗe yana cewa shi mutum ya taka, don mai kallo yana buƙatar ɗan Adam guda da zai riƙe. Ni ina ɓangaren Ford. Idan Deckard mutum ne, to fim ɗin labarin wani ne da zuciyarsa ta bushe, yana kisa ba ya jin komai, sai wanda aka ƙera a masana'anta, wanda saura masa 'yan mintuna a duniya, ya miƙa hannu ya cece shi. Wannan ya fi taɓa ni. Duk da haka The Final Cut nake miƙa wa mutane, don ya bar tambayar a tsaye, mai kallo ya yi ta juya ta da kansa. Blade Runner 2049, wanda Denis Villeneuve ya yi a 2017, shi ma bai yanke hukunci ba, kuma kada ka taɓa shi sai ka gama da na farko.

Abokin nawa ya zo gida daga baya muka kalli na 2007 tare da dare. Da ƙofar lif ta rufe sai ya ce a mayar masa wurin fiyano. Ya ce shi dai har yanzu yana kewar muryar, kuma ya karɓi faifan ya tafi da shi.