Battar Taba Ce ko Gidan Laya? Amsa ga Hajiya Kan Akwatin Azurfar Kakarta

Hajiya, Allah ya jiƙan tsohuwa, ya sa Aljanna ce makoma. Kin ce a adakarta kuka sami wani ɗan akwatin azurfa da bai kai tsawon babban yatsa ba, cikinsa rawaya kamar zinari, in an buɗe murfin kuma sai a tarar da wani siririn murfi mai huji-huji da zanen furanni. A jikinsa akwai tambarin zaki da na ƙugiyar tsayar da jirgin ruwa. Kawunki ya ce battar taba ce, Umma ta ce gidan laya ne. To, mu jera su mu gani.

Na Umma ba zai ɗauke mu lokaci ba. Gidan layar azurfa irin na Buzaye, wanda har yau ake gani a Kasuwar Kurmi, rufe shi ake yi ruf bayan an sa rubutun, kuma yana da kafar zura igiya don a rataya a wuya. Ba a yi shi don a riƙa buɗewa ana rufewa ba. Naki kuwa mahaɗin murfinsa ya nuna abu ne da ake buɗewa sau da yawa a yini.

Maganar Kawu ta fi kusa, don haka a nan zan daɗe. Battar tabar Turawa da wannan akwati 'yan gida ɗaya ne, sau da yawa ma maƙeri ɗaya ke yin su. Duka biyun ana shafa musu ruwan zinari a ciki, saboda haka rawayar nan ba za ta raba gardama ba. Girma da ciki ne ke raba su. Batta dole ta yi faɗin da yatsu biyu za su shiga su tsinko garin taba, cikinta fayau babu shamaki, murfinta kuma ya kama gam don kada garin ya zube a aljihu ko ya sha iska. Naki fa? Yatsa ɗaya ma da ƙyar, ga kuma murfi mai huji ya tare hanya. Wa zai zuba gari a ƙarƙashin rariya?

Wannan rariyar ita ce amsar. Abin da ke hannunki gidan ƙamshi ne, wanda mutanen Ingila ke kira binigaret. Ana sa ɗan guntun soso a ƙarƙashin murfin mai huji, a jiƙa shi da ruwan khal da aka haɗa da kayan ƙamshi irin su kanumfari da kirfa. Daga ƙarshen ƙarni na 18 zuwa tsakiyar na 19, lokacin da titunan biranensu ke warin kwata, mutum kan buɗe ya kai hanci, ko a shaƙa wa wadda jiri ya ɗeba. Ruwan khal yana cin azurfa, shi ya sa ake lulluɓe cikin da zinari. Murfin waje yana tsare ƙamshin, na ciki yana riƙe soson.

Wani zai ce ko gidan ashana ne. Shi ta kai ake buɗe shi, kuma gindinsa na da tsaga-tsaga inda ake ƙyasta ashanar. Ki shafa gindin naki; in sumul yake, an wuce wannan.

Tambarin ma yana magana. Zakin da ke tafiya shaida ce cewa azurfar kashi 925 ce cikin 1000. Ƙugiyar jirgi kuwa alamar birnin Bamingam na Ingila ce, inda aka buɗe ofishin gwajin azurfa a 1773, kuma can ne aka fi ƙera irin waɗannan ƙananan akwatuna. Ki sami madubin da masu gyaran agogo ke sawa a ido, ki duba kusa da su. Za ki ga harafi ɗaya tilo, shi ne ke nuna shekarar da aka gwada azurfar. In kuma akwai ɗan kan mutum, alamar biyan haraji ce da aka yi amfani da ita daga 1784 zuwa 1890. Kan mace ne? To Sarauniya Biktoriya ce, wadda ta hau mulki a 1837, kin ga an rage miki nisan lissafi. Aikin maƙeran farinmu na Kano ba ya ɗauke da irin wannan jerin tambari.

Abin da aka yi shi dominsa daban, abin da tsohuwa ta yi da shi daban. Kaya irin wannan sun shigo garin nan ta hannun fatake da baƙi, musamman bayan da jirgin ƙasa ya iso a 1911, kuma iyayenmu mata ba sa barin abu mai kyau ya zauna a banza. Ki ɗaga rariyar a hankali da farce, ki shinshina. Na taɓa riƙe irinsa, sai na tarar da ɗan curin auduga ya yi baƙi a ciki, har lokacin yana fitar da ƙamshin miski. Wallahi sai da jikina ya yi sanyi. In haka kika samu, to tsohuwa ta yi amfani da shi daidai da manufarsa, ƙamshin kawai ta canza.

Roƙona gare ki biyu ne. Kada ki bari a goge shi da toka ko yashi da lemon tsami kamar tukunya, don zinarin cikin siriri ne ƙwarai, tambarin ma yana iya shafewa. Tsumma mai laushi ya isa. Sannan in wani ya ɗora shi a sikeli ya yi miki kuɗin nauyinsa, ki karɓe abinki. Azurfar jikinsa kaɗan ce, aikin hannun da shekarunsa su ne darajarsa, kuma wanda ya saya da awo narkarwa zai yi ya ƙera zobe. Ki turo mana hoton harafin nan a kusa, in sha Allahu mu fitar miki da shekarar.