Maganin tsutsar doki na ivermectin a sirinji: abin da yake kashewa da abin da yake bari

Duk mai doki a karkara da ke sakinsa kiwo ya san sirinjin roban nan da ake ɗura wa doki a baki. Abin da ke ciki ivermectin ne, mai kauri kamar man goge baki, ƙarfinsa kashi 1.87 cikin ɗari a yawancin kamfanonin da ke yin sa. An fara sayar da ivermectin don dabbobi a 1981, kuma binciken da ya haifar da shi ne ya sa William Campbell da Satoshi Omura suka sami lambar Nobel a 2015. A ganinmu ya cancanci zama a kowace barga, amma wanda ya ɗauka shi kaɗai ya wadatar, ko yake ba da shi da ka, dokinsa ne zai ji a jika.

Inda ya fi ƙarfi shi ne kan babbar tsutsar jini, wadda 'ya'yanta ke ratsa bangon hanji su shiga jijiyoyin da ke kai wa hanjin jini, su toshe su, doki ya kwanta da ciwon cikin da ba ya tashi. Ivermectin yana bin su har cikin jijiyar ya shanye musu jiki su mutu, abin da yawancin tsofaffin magunguna ba sa yi a ɗuri ɗaya. Haka yake yi wa tsutsar ƙudan nan mai manna ƙwai rawaya a gashin ƙafafun gaba. Doki ya lashe ƙwan, tsutsar ta maƙale a tumbi wata da watanni. Kwana biyu ko uku bayan ɗuri sai a gan ta a toroso, gajera, mai kauri, ja-ja. Yana kuma maganin tsutsar huhu, wadda jaki ke ɗauke da ita ba tare da ta dame shi ba amma take sa doki tari, don haka idan suna kiwo tare a ɗura wa jakin ma.

Matsalar farko awo ce. Ƙa'ida ita ce miligiram 0.2 ga kowane kilo na nauyin doki, kuma sirinji mai giram 6.42 an yi shi ne don kilo 600. Masu kintace da ido sun fi rage nauyi fiye da ƙarawa, ragin kuwa shi ne haɗarin: tsutsa mai rauni ta mutu, mai taurin kai ta tsira ta hayayyafa. In babu sikeli, tef ɗin awo ya isa. A zagaya ƙirji da shi daga bayan ƙafafun gaba, inda majayi ke zama, a rubuta santimita. Sannan a auna tsawo daga tsinin kafaɗa ta gaba zuwa tsinin ɗuwawu. A ninka awon ƙirji da kansa, a ninka da tsawon, a raba da 11,880. Doki mai ƙirji 160 da tsawo 150 zai fito kilo 323. Sai a saita sirinji a kan 350, kada a koma 300. Ɗan ƙari ba ya cutar da babban doki mai lafiya, domin maganin yana da tazara mai faɗi kafin ya zama guba.

Shi kansa sirinjin yana da abin zargi. A jikin sandar turawa akwai zobe da ake murzawa a kulle a kan nauyin da ake so, kuma a wasu samfuran zoben ba ya kamawa sosai. Doki ya fizge kai, hannu ya danna da ƙarfi, zobe ya zame, sai duk abin da ke ciki ya tafi. Ga ingarma wannan asarar magani ce kawai, amma ga ɗan dukushi mai kilo 100 ninki shida ke nan. A gwada kullin da yatsa kafin a cire murfi. A kuma duba ko lambobin na kilo ne ko na laba: waɗanda aka yi don kasuwar Amurka suna tafiya ne da laba 250-250, kowane zango wajen kilo 113. Gara sirinjin da ke da alama a kowane kilo 50 da wanda ke tsallen ɗari-ɗari.

Wajen ɗuri, bakin doki ya zama babu komai. Idan akwai ciyawar da yake taunawa, maganin zai manne mata ya tofar da su tare. A sa masa ragama, a tsaya a gefen kafaɗarsa, a zura bakin sirinji ta kusurwar leɓe inda babu haƙora, wurin da linzami ke zama, a kai shi bayan harshe sannan a danna. A ɗaga haɓarsa na 'yan daƙiƙoƙi har a ga ya haɗiye. Wanda ya matse maganin a kan leɓe ko tsakanin kunci da haƙora zai tsince shi a ƙasa. Dokin da ke ƙin sirinji kuwa horo yake bukata: a riƙa taɓa masa kusurwar baki da wankakken sirinji marar komai na 'yan kwanaki kafin ranar ɗuri.

Tsila ba ta jin ivermectin ko kaɗan. Tana taruwa a mahaɗar ƙaramin hanji da babba, tana jawo toshewa da ciwon ciki, kuma sai an nemi sirinjin da aka haɗa da praziquantel, abin da ake rubutawa a jikin kwali. Ƙananan tsutsotsin jini ma rabin aiki ivermectin yake yi musu: yana kashe waɗanda ke yawo cikin hanji, amma waɗanda suka shige bangon hanji suka kwanta ba ya kai musu. Idan suka fito a lokaci guda sai zawo mai tsanani da rama farat ɗaya. Moxidectin ne ke kai wa gare su, shi kuwa awonsa ba ya son kuskure, ba a ba ramammen doki ko ƙaramin dukushi.

Ga dukushi ma ivermectin ba shi ne zaɓin farko ba. Babban abokin gaban dukushi macijin ciki ne, fari, dogo, wanda a ƙasashe da dama ya daina jin ivermectin. Likitocin dabbobi sun fi fara ɗuri da fenbendazole a wata biyu zuwa uku da haihuwa. Dukushin da cikinsa ya kumbura, gashinsa ya tashi, a bar wa likita, don macizan da suka mutu a lokaci guda suna iya cunkushe hanji.

Tsohuwar al'adar ɗura wa kowane doki duk bayan wata biyu ita ta jawo wannan taurin kai. Da farko ƙwan tsutsa kan yi fiye da wata biyu bai dawo cikin toroso ba bayan ɗuri. Yanzu a wurare da yawa mako huɗu zuwa shida ya dawo. Abin da ya fi shi ne a kai ɗanyen toroso ɗakin gwaji a ƙirga ƙwai a giram ɗaya. Babban dokin da ke ƙasa da ƙwai 200 ɗuri ɗaya ko biyu a shekara ya ishe shi, wanda ya haura 500 shi ke bukatar ƙari, kuma a garke ɗaya 'yan kaɗan ne ke zubar da mafi yawan ƙwan. A sake gwaji kwana 14 bayan ɗuri: idan ƙwan bai ragu da aƙalla kashi 95 cikin ɗari ba, ko awo ya gaza, ko doki ya tofar, ko maganin ya daina ci a wannan garken. Kwashe toroso daga wurin kiwo sau biyu a mako yana rage tsutsa ƙwarai, sai dai aiki ne da ba kowa ke jurewa ba.

Wani lokaci kwana ɗaya ko biyu bayan ɗuri ƙasan ciki kan kumbura, doki ya yi ta susa. Yawanci ƙananan tsutsotsin cikin fata ne suka mutu, kuma yakan sace da kansa cikin 'yan kwanaki. In ya ƙi, a kira likita. Dokin da ke goga gindin wutsiya a turke ko bango, ɗuri kaɗai ba ya raba shi da ƙaiƙayin, sai an riƙa wanke masa ƙarƙashin wutsiya da tsumman da za a yar, domin a nan tsutsar da ke jawo ƙaiƙayin take manna ƙwanta.

Kada a ɗauko ivermectin na allurar shanu a soka wa doki don neman sauƙi. Wurin allurar kan kumbura ya ruɓe, har ya yi kisa. Abin da ya zuba a ƙasa a kwashe nan take, saboda kare na iya lashewa, kuma wasu karnukan kiwo irin su koli ɗan kaɗan ke kayar da su. Toroson kwanakin farko yana kashe buzuzu da ƙananan halittun ruwa, don haka kada a zubar da shi, ko sirinjin da ya ƙare, kusa da rafi ko tafki. Ragowar magani a mayar masa da murfi, a ajiye a inuwa nesa da yara, a rubuta ranar ɗuri da nauyin da aka saita a jikin kwalin.