GARGAƊI: Naira 850,000 na biya mai "sitem sel" a kan allurar bitamin

Naira 850,000. Kuɗin adashina, da ɗan kunnen gwal ɗin da na sayar. Kwana uku ina rubutawa ina gogewa saboda kunya, amma yau sai na faɗa.

Ƙanina ne ya faɗi a babur, ƙashin damtsensa na dama ya karye. Ƙashi ya haɗe, amma hannun daga wuyan hannu ya saki, yana reto, ko cokali ba ya iya ɗagawa. Likita ya ce jijiyar da ke zagaye ƙashin ce ta taɓu, kuma jijiya tana tofowa kamar milimita 1 a rana, wajen inci 1 a wata. Ya ce a ɗaura masa abin tallafe hannu, a riƙa zuwa gashi, wato motsa hannun a asibiti, bayan wata 3 zuwa 4 a yi gwajin jijiya na lantarki. Da yawa suna warkewa da kansu, in ba motsi sai a yi maganar tiyata.

To, wani mutum da na gani a Facebook da farar riga, mai cewa yana gyara jijiya da allurar "sitem sel" (ƙwayoyin halittar da jiki ke sabunta kansa da su), kiran farko ya ce min: "Hajiya, milimita 1 a rana suka ce miki ko?" Wallahi nan ya gama da ni. Ban faɗa masa ba! Milimita 1 a rana. Har yau in na kwanta muryar nake ji. Na ce a raina wannan ya san aiki. Ashe abin da duk mai waya zai iya karantawa ne.

Kada wani ya ce min garaje na yi. Ni malamar makaranta ce, na yi tambaya. Na nemi lambar NAFDAC, ya ce kaya ne na musamman daga Jamus, ba na kasuwa ba. Bidiyo ya turo, wani dattijo na ɗaga hannu yana hawaye.

Na tura 350,000. Sai 300,000. A'a, kafin ta biyun ne ya zo da 'yar kula da ƙanƙara a ciki, ƙananan kwalabe shida an kankare rubutunsu, ruwan ciki ja. Ta ƙarshe 200,000, wai na kwastan. 850,000 ke nan cif. Shi ne kuma ya ce a dakatar da gashi, wai yana "firgita ƙwayoyin". Muka dakatar. Wannan ya fi kuɗin ci min rai.

Maƙwabciyata nas ce. Ta ɗaga kwalbar da ta rage, ta duba a haske, ta ce, "Maman yara, ai wannan kamar bitamin B12 ce, kowane kemis akwai." Na kira shi a gabanta, ya ce yana cikin tiyata. Washegari ya toshe lambata.

Da muka koma asibiti, wuyan hannun ya fara sandarewa. Likita bai yi faɗa ba, gara ma ya yi. Ya ce sitem sel na gyaran jijiyar hannu har yanzu bincike ne, mafi yawa a kan ɓeraye, ba abin da ake yawo da shi a kula ba. Ya ce tsoka ba ta jiran jijiya har abada, in aka haura shekara zuwa shekara da rabi ko an yi tiyata da wuya ta amsa. Wata 3 muka zubar.

Umma har yanzu ba ta san adadin ba. 300,000 na ce mata.

Hotunan hirarmu, rasit uku na banki da kwalbar duk suna hannuna, zan ɗora da dare in na rufe sunan ƙanina. Duk wanda ya ce muku a bar gashi, ko ya kawo allura babu rubutu, ku kashe wayar. 850,000. Allah ya isa, ban yafe ba.