Ofishin lauyoyin nan na Garki masu rubuta takardar kai koke majalisa

Jama'a ga masu ta tambayata a inbox wai ina kungiyarmu ta masu bukata ta musamman ta samu wanda ya rubuta mata takardar da muka kai kwamitin majalisa, wani karamin ofishin lauyoyi ne a Garki, Abuja, wajen Area 11, kuma gaskiya sun iya aiki.

Abin da ya burge ni shine basu karbi kudi sun buga mana turanci kawai ba. Barista ta zaunar da mu ta ce Alhaji ku daina cewa a yi doka, dokar kare hakkin masu bukata ta musamman akwai ta, Buhari ya sa hannu tun Janairun 2019, ta ba da shekara biyar a gyara gine-ginen gwamnati yadda mai keke zai iya shiga, wa'adin ya cika a 2024, kuma dokar ta ce ma'aikatun gwamnati su ware akalla kashi 5 cikin dari na guraben aiki. Matsalar tana wajen ka'idojin da hukuma ke fitarwa don aiwatarwa da kuma wa zai bi sawu. Nan ta bude mana sashe na 88 na kundin tsarin mulkin 1999 wanda ya ba majalisa ikon binciken duk hukumar da take ware wa kudi, sashe na 89 kuma ya ba ta ikon kiran mutum ya zo ya yi bayani, wallahi da yawanmu ranar muka fara jin haka. Ta kuma sa muka fara tura wasikar neman bayani da dokar FOI ta 2011, wato dokar 'yancin samun bayanai, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa, don mu je gaban kwamiti da takarda a hannu ba surutu ba.

Amma fa akwai gyara. Ofishin yana bene hawa na biyu babu lifta, sai da samari suka ciccibi sakatarenmu da kekensa, abin dariya abin haushi. Sannan basa daga waya da wuri, gara ka tura sako ta WhatsApp. Kudin ma da dan zafi, amma sun yarda a biya kashi biyu kuma fassarar Hausa kyauta suka mana.

In za ku je ku tafi da takardar rajistar kungiya, kuma ku ce tun farko a sauko a same ku a kasa.