Sharhi kan The Others: gidan da hasken rana ya zama abin tsoro

Wanda ke neman jini da sare-sare da dodo mai faratai, kada ya ɓata lokacinsa a kan The Others. Fim ne na 2001, Alejandro Amenábar ya rubuta shi ya ba da umarni, shi ne ma ya tsara kiɗan da ke ciki. Na kalle shi da dare da abin sauraro a kunne, kuma tun daga farko har ƙarshe ba a zubar da jinin kowa a gabana ba. Duk da haka sai da na kama kaina ina riƙe numfashi don kawai wata mata ta miƙa hannu za ta murɗa ƙofa.

Labarin ya faru ne a 1945 a tsibirin Jersey da ke tsakanin Ingila da Faransa, a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, bayan tafiyar sojojin Jamus da suka mamaye shi tun 1940. Grace, wadda Nicole Kidman ta fito a matsayinta, tana zaune a wani makeken gida da 'ya'yanta biyu, Anne da Nicholas. Mijinta ya tafi yaƙi, shiru babu labari. Yaran suna da wata lalura, fatarsu ba ta jure hasken rana, saboda haka kullum labule a sake, gida a duhu, sai fitila da kyandir. Ana cikin haka wasu mutum uku suka ƙwanƙwasa ƙofa neman aikatau: dattijuwa Mrs. Mills, tsoho mai kula da lambu, da wata yarinya bebiya.

A nan ne dabarar fim ɗin take. Grace ta zagaya da su gidan tana gindaya musu dokoki, babbar cikinsu ita ce ba a buɗe wata ƙofa sai an kulle ta baya. Da dokar nan ta shiga kunnen mai kallo, shi ke nan an ɗaure shi. Daga nan duk ƙofar da ya hanga a buɗe sai gabansa ya faɗi, tun kafin a ce masa akwai wani abu a bayanta. Mun saba a finafinan ban tsoro mutum ya yi ta addu'ar gari ya waye. A nan an juya lamarin, wayewar gari ita ce barazanar. Akwai safiyar da aka tashi aka tarar an cire labulayen gidan kakaf, yara na ihu cikin haske tarwai, kuma wannan wurin ya fi tayar mini da hankali fiye da kowane wuri mai duhu.

Sai kuma shiru. Grace tana fama da ciwon kai mai tsanani, ba ta son hayaniya, gidan babu rediyo babu tarho babu lantarki. Wannan ya sa kunne ya koma farauta. Takun ƙafa a saman bene, kukan yaro da ba a san daga inda yake fitowa ba, fiyano da ke kaɗawa a ɗakin da aka kulle. Finafinai da yawa sukan kwaɗa wa mutum ƙara ba zato ya zabura, minti ɗaya ya manta har ya yi dariya. Amenábar ya fi son ya bar ka cikin jira. Yakan tsayar da kyamara a kan fuskar Grace tana sauraro, kai ma kana sauraro, zuciyarka na ƙera abin da ba a nuna maka ba. Shigarta ɗakin da aka lulluɓe kayan ciki da fararen zannuwa misali ne: babu abin da ke motsi, amma ido na bin kowane zane yana tambaya wanne ne ba kujera ba.

Kidman ta yi rawar gani, domin uwar da ta fito da ita ba mai daɗin sha'ani ba ce. Tana son 'ya'yanta, tana kuma tsananta musu, musamman Anne da ta dage cewa tana ganin wani yaro mai suna Victor. Can za ka fara tantama, shin gidan ne da matsala ko matar gidan? Wannan rashin sanin wanda za a yarda da shi ya fi fatalwa nauyi a zuciya. Fionnula Flanagan kuwa, murmushinta kaɗai a matsayin Mrs. Mills ya isa ya hana ka sakin jiki.

Ba zan ce babu inda ya gaza ba. Tsakiyarsa, wajen da Grace ta fita cikin hazo da abin da ya biyo baya, ya ja ƙafa, har na ji zaren ya ɗan saki. Ƙarshensa, wanda ba zan tona ba, an yi bayaninsa dalla-dalla fiye da yadda nake so, bayan an shafe sama da awa guda ana koya wa mai kallo ya fahimci abu da ishara. Duk da haka ban yi mamakin kyaututtukan Goya takwas da ya lashe a Sifaniya ba, ciki har da ta fim mafi kyau.

Shawarata ga mai son kallo, kada ya kalle shi a ƙaramar waya da rana tsaka ana hira a gefensa. Hotunan suna da duhu ƙwarai, rabin aikin kuma a sauti yake, don haka a irin wannan yanayi zai ga kamar ba abin da ke faruwa. Ya kashe fitila, ya sa abin kunne mai kyau, ya ajiye waya, kuma ya guji karanta yadda labarin ya ƙare kafin ya fara.